Mudi Mai Gyara da Tsohuwar Sikanar Baba Barmo

An yi wani mutum a wani gari, jama'a, wani bawan Allah da ake kira Mudi mai gyara. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba shi da sarautar ko lungu ɗaya. Ɗan shago gare shi a bakin kasuwa, yana gyaran kwamfuta. In ka wuce ta wurin, ƙeyarsa kawai za ka gani, ya sunkuya kan tebur da sukudireba a hannu. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru da shi.

A garin nan akwai wani dattijo, Baba Barmo mai hoto. Shekara arba'in yana ɗaukar hoto. Suna, biki, saukar karatu, fasfo na masu tafiya Makka, duk shi ne. Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake yi a da ba. A da fim ake sa wa kyamara, in an wanke shi sai a samu wani ɗan siririn abu mai kama da leda, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Shi ake kira dodon hoto, kuma daga jikinsa ake buga hoton. Baba Barmo bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Yana da gwangwanayen biskit cike da su, kowane da shekararsa a rubuce a jikin murfi.

Da masu wankin fim suka rufe, sai ya sayi wata na'ura, sikana, wadda ake zura mata dodon hoto ta haska shi, hoton ya fito a kwamfuta. Ya daɗe yana aiki da ita, har ranar da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu murus. Ɗansa da ke birni ya aiko masa da sabuwa fil. Aka zo haɗawa, abu ya ƙi. Ko ramin da za a soka wayar sikanar babu a jikin sabuwar.

Wata safiya sai ga Baba Barmo a ƙofar shagon Mudi, ya naɗe sikanar a cikin tsohon bargo, ya rungumo ta yana haki. Mudi ya tashi ya karɓe shi, ya ba shi kujerarsa.

Bayan sun gaisa, dattijo ya ce, “Ɗana, shago uku na je kafin nan. Kowa ya ce in jefar da ita, wai zamaninta ya wuce. Ni kuwa na yi alkawari.”

Mudi ya ce, “Alkawarin me, Baba?”

Ya ce, “Ka san Gwaggo Tabawa ta bayan masallacin Juma'a? Ɗanta Lawandi ya rasu a hanya shekara ashirin da biyu ke nan, ya bar matarsa da ciki. Aka haifi yarinya, Rahane. Hotunansa da ke gidan, ruwan da ya rushe musu ɗaki ya tafi da su. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba. Ita kuma Gwaggo yanar ido ta fara rufe mata ido, kullum ganin raguwa yake yi. Ta zo ta ce mini, ‘Malam Barmo, kai ka ɗauke shi ranar aurensa. Ka nuna mini shi sau ɗaya tun ina gani.’ Na ce mata in Allah ya yarda za ta gan shi. Dodon yana nan, na nemo shi. Amma ta ina zan fito da shi?”

Mudi ya warware bargon, ya juya sikanar, ya duba bayanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Baba, ban taɓa taɓa irinta ba. Ba zan ce maka na iya ba. Amma ka bar mini ita, ka aiko da kwamfutar, in gwada.”

Ku saurara da kyau, don daga nan ne jarrabawar ta fara.

Abu na farko waya. Bakin wayar sikanar mai faɗi ne, irin na da, an daina yin sa. Mudi ya zaga shagunan kasuwa, babu. Ya tafi wurin 'yan gwangwan a bayan gari, ya tsuguna cikin tulin tsofaffin kaya yana tono, rana tana dukansa. Sai a kwana na uku ya samu wani ɗan mahaɗi mai baki biyu, ɗaya na da, ɗaya na yanzu. Ya kawo, ya goge, ya jona. Fitilar sikana ta kama, ta yi ɗan gurnani. Zuciyarsa ta yi fari. Sai kwamfuta ta rubuto cewa ba ta san wannan abin da aka jona mata ba.

Kun san kowace na'ura tana da wata 'yar manhaja da ke yi mata tafinta da kwamfuta. Masu sana'ar suna ce mata direba, amma ba direban mota ba, kada wani ya je tasha nema. To, direban sikanar nan na tsohon tsari ne, sabuwar kwamfuta ba ta karɓarsa, kamfanin kuma ya daina yin sabo. Mudi ya saka, ta ƙi. Ya cire ya sake sakawa, ta ƙi. Ya nemo na wata mai kama da ita, ta ƙi. Kwana biyar, kwana shida, kwana bakwai. In ya sallami masu ƙananan gyare-gyare sai ya koma kanta. Wani lokacin yana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, ya ce “Alhamdu lillahi,” ya jira, in an kawo ya faro daga farko.

Maƙwabcinsa na shago, Sha'aibu mai sayar da wayoyi, ya leƙo ya ce, “Kai Mudi, har yanzu kana kan akwatin nan? Ka ce wa tsohon nan ta mutu mana, ka huta.”

Mudi ya ce, “Ai ba ta mutu ba. Ga fitilarta tana ci.”

Sha'aibu ya ce, “To ai ka kasa.”

Mudi ya ce, “Wannan kam gaskiya ne. In ya zo, abin da zan gaya masa ke nan, na kasa tukuna. Amma in na ce ta mutu, zai je ya yar da ita, alhali laifin kaina ne, ba nata ba.”

Kun ji, jama'a? Ku riƙe wannan magana.

Ran nan kuwa Baba Barmo ya zo, yana dogara sandarsa. Ya ce, “Ɗana, ina labari?”

Mudi bai ɓoye fuska ba. Ya ce, “Baba, na'urarka lafiyarta ƙalau. Ni ne ban gano hanyar ba. In kana so ka kai wa wanda ya fi ni, wallahi ba zan ji haushi ba, ni da kaina zan ɗaukar maka. In kuma za ka ƙara mini kwanaki, zan ci gaba.”

Dattijo ya dube shi ya ce, “Tun da na fara yawo da ita, kai ne na farko da ya ce shi ne bai sani ba. Bar ta nan.”

Maganar ta yi wa Mudi daɗi, amma ta ƙara masa nauyi. Duk sanda ya tuna akwai wata tsohuwa da ganinta ke raguwa kowace rana, sai ya ji zama bai kama shi ba. Ya shiga intanet yana bincike. Turancinsa ba mai yawa ba ne, yana karantawa a hankali, kalmar da ta gagare shi ya duba ma'anarta. A kwana na goma ya faɗa kan wani tsohon rubutu da wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya yi shekaru da suka wuce. Shi ma irin matsalar ta same shi, ya warware, ya zauna ya rubuta yadda ya yi don amfanin wanda bai sani ba. Dabarar ita ce, a yi wa tsohon tsarin ɗan ɗaki a cikin sabuwar kwamfuta, ya zauna a ciki kamar yana tsohon gidansa, sannan a miƙa masa wayar sikanar, a saka masa direbansa na asali.

Mudi ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi kuskure a na huɗu, ya koma baya. Washegari da hantsi ya danna, sai ya ji sikana ta yi ƙara, wani abu a cikinta ya fara tafiya a hankali. Ya zura wani dodon gwaji da Baba ya bar masa, na wani ginin makaranta. Hoto ya fito, amma dishi-dishi, kamar an shafa masa man gyaɗa. Wani da ya ce ai an gama, haka tsufa ya mai da ita. Mudi ya kwance murfin, ya tarar ƙura ta lulluɓe ɗan madubin da ke ciki. Ya sa auduga ya share shi a hankali, numfashi ma da kyar yake yi don kada ya karce shi. Ya mayar, ya sake gwadawa. Sai ga makaranta tas, har rubutun jikin allo ana karantawa.

Sha'aibu ya zo ya gani, ya riƙe baki. Sai ya rage murya ya ce, “To yanzu ka yi wayo. Kada ka nuna wa kowa yadda ka yi. Tsohon nan gwangwanaye gare shi rututu, gari duk zai zo neman hoto. Ka bar abin a shagonka, kowa ya bi ta hannunka.”

Mudi ya yi murmushi ya ce, “Ni ma wani ne ya rubuta ya bari a fili na tsinta. In na ɓoye, da wane ido zan dubi kaina?”

Ya ɗauki kayan ya kai gidan Baba Barmo, ya haɗa su a zaure. Ya zauna koya masa. “Baba, nan za ka fara dannawa. Ka jira sai wannan tagar ta buɗe. Sannan ka kunna sikana.” Baba ya danna wani wuri daban. Mudi ya ce, “Ba komai, mu sake.” Suka sake. Baba ya manta. Suka sake. Tambaya ɗaya ya yi ta sau tara, sau tara Mudi ya amsa, muryarsa ba ta canza ba. Da ya lura dattijon ya fi sakewa da ajami, sai ya samu kwali ya rubuta masa matakan da ajami, manya-manya, ya manna a bango. Kwana uku yana zuwa bayan la'asar, har Baba ya yi shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir.

Sai aka aika wa Gwaggo Tabawa. Ta zo da safe, jikarta Rahane tana riƙe da hannunta. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka sauko da kwamfutar ƙasa kusa da su. Mudi ya koma gefe ya tsaya. Baba Barmo ya sa tabarau, ya dubi kwalinsa, ya zura dodon da hannunsa. Na'ura ta fara gurnani. Hoto ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi. Hula ta fito. Goshi ya fito. Idanu suka fito.

Gwaggo ta ce, “Ban gani sosai ba. Duhu-duhu nake gani.”

Baba ya waiwaya ya dubi Mudi. Mudi ya matso, ya ƙara girman hoton har fuskar ta cika gilashin, ya ƙara haske. Tsohuwa ta kawo fuskarta dab, har hancinta ya kusa taɓawa. Sai ta ɗaga hannu ta shafa kumatun hoton, ta ce, “Lawandi. Shi ne. Wallahi shi ne. Hular nan ma aro ya yi, ta yi masa yawa.” Tana dariya, hawaye yana zuba.

Rahane ta ƙura wa hoton ido. Mutumin yana murmushi, da wushirya a haƙoransa na sama. Sai ta kai yatsa bakinta, ta taɓa tata wushiryar, ta ce, “Gwaggo, ashe a wurinsa na samo.”

Gwaggo ta ce, “Na sha gaya miki, ba ki yarda ba.”

Tsohuwa ta juya tana neman wanda ya yi aikin, tana sa albarka. Mudi ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, Baba ne ya adana shi shekara ashirin da biyu. Hanyar kuma wani bawan Allah ne ya rubuta, ko sunansa na gaskiya ban sani ba. Ki haɗa da su a addu'ar.” Ta haɗa da su duka. Ya ce amin, ya sa takalmansa, ya koma shago, don akwai mai jiran gyara.

Bayan wata bakwai ganin Gwaggo ya tafi gaba ɗaya. Amma ta riƙe fuskar ɗanta sabuwa a zuciyarta, Rahane kuma tana da hoton ubanta a bangon ɗakinta. Zauren Baba Barmo ya koma wurin zuwa. Mutane suna zuwa suna faɗin shekara, a buɗe gwangwani, kowa ya koma gida da fuskar wani nasa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mudi bai gina masallaci ba, bai ciyar da gari ba. Abu uku ya yi. Da bai sani ba, ya ce bai sani ba, bai ɗora wa abin mutane laifi ba. Da abu ya yi wuya, ya yi haƙuri ya zauna a kai. Da Allah ya buɗa masa, bai rufe wa wani ba.

Mu nawa ne a nan muke cewa “ba zai yiwu ba,” alhali abin da ke ranmu shi ne “ban iya ba,” ko “na gaji”? Kai makaniki, inji nawa ka yanke wa hukuncin mutuwa don kada a ce ka kasa? Ke mai ɗinki, sau nawa aka tambaye ki yadda kika yi wani yanka kika kawar da zance? Kai da ke da tsoho a gida, in ya miƙo maka waya ya ce ka sake nuna masa, da wace murya kake amsawa a karo na uku?

Aikin da ke gabanka, komai ƙanƙantarsa, akwai mai jiransa a wani gida da ba ka sani ba. Ka yi shi da gaskiya, ka yi shi da haƙuri, abin da ka koya kuma ka koyar. Allah ya ba mu ikon faɗin “ban sani ba” a inda ba mu sani ba, ya sa hannuwanmu su zama sanadin farin cikin bayinsa. Ku ce amin.