Ranar da Gafiya Ta Je Aron Hali

An yi wata Gafiya a wani ƙauyen dabbobi da ke gindin tsohuwar ɗorawa, kusa da rafi. Ɗorawar nan ta daɗe da faɗuwa, amma a wancan zamani tana tsaye, inuwarta ta ishi kowa. Gafiya ta fi duk ƙauyen abin hannu. Raminta ɗaki bakwai ne, cike da gyaɗa da wake da gero, kuma ba duka ba ne daga gonarta. In ta bi ta gefen shanyar wani, sai ta wuce da kumatu a kumbure.

Maƙwabciyarta Bushiya ce, mai 'yar ƙaramar gona, wadda ko tsintsiya ta ara sai ta kakkaɓe ta kafin ta mayar. Na ukunsu shi ne Baba Kunkuru, mai riƙon rumbun iri.

Ga yadda al'adarsu take. Bayan girbi kowa yakan kawo irin da zai shuka baɗi, a zuba a rumbu ɗaya, a liƙe bakinsa da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. In irin nan ya salwanta, ƙauyen ya shiga yunwa. Baba Kunkuru ya yi damina arba'in yana gadinsa, har idanunsa suka dushe.

Wata rana ya tara kowa ya ce, "Na tsufa, 'ya'yana. Nan da kwana bakwai, ranar zuba iri, zan miƙa rumbun nan ga mai hali na gari."

Gafiya ta ji wani daɗi har jelarta ta miƙe. Mai riƙon rumbu shi ake shimfiɗa wa tabarma a gaba, shi ake fara gaisarwa. Ta ruga gidan Bushiya.

"Ke Bushiya, kin ji? Ni Baba yake nufi, kunya ce ta hana shi kama suna! Wa ya fi ni hali a nan? Ɗaki bakwai fa! Ya ce na gari, to ni 'yar gari ce, a nan aka yanke cibiyata. In kuma garin tuwo yake nufi, ina da tukunya uku."

Bushiya ta yi dariya har ta dunƙule. Da ta warware ta ce, "Haba Yaya! Ba halin dukiya yake nufi ba. Halin kirki yake nufi, wanda ke cikin mutum."

Gafiya ta sosa kunne.

"To, shi wannan a wace kasuwa ake sayar da shi?"

"Ba a sayarwa."

"To ara mini naki. Kwana ɗaya kawai, kamar yadda ake aron zane ranar biki. Zan dawo miki da shi a wanke."

"Yaya, da abin jikina yana ciruwa, ai da ƙayoyin nan na fara cirewa na huta."

"Rowa dai za ki yi mini, ke da ake yabo! To faɗa mini abin da kike yi da ake cewa kirki."

Bushiya ta yi tunani, don ba ta taɓa lissafa abin ba. Ta ce, "Ni dai ina gaida mutane. In na ari abu ina mayarwa. Abin da ba nawa ba, ba na kai shi baki."

"Shi ke nan? Ai wannan ko gobe na gama!"

Kashegari Gafiya ta fito da ƙarfinta. Ta durƙusa wa Kwaɗo, ta tambaye shi gida da iyali da gajiya da sanyin rafi, har Kwaɗo ya tsorata ya ce, "Lafiya? Wani ne ya rasu?" Ta mayar wa Zabuwa ludayin da ta ara tun damina uku da suka wuce, ko da yake mariƙinsa ya karye. In za ta wuce shanya sai ta rufe ido, ta bi can nesa, har sau biyu tana faɗawa cikin kwari. Kwana shida tana wannan wahala. Kowace yamma takan leƙa gidan Bushiya ta ce, "Ya kika gani? Na kusa fin ki."

Ranar zuba iri ta zo. Aka share gindin ɗorawa, aka shimfiɗa tabarma. Kowa ya taya kwasar iri daga wurin shanya zuwa rumbu, har ya rage ƙwarya ɗaya ta gyaɗa. Bisa al'ada, mai neman riƙo shi ke ɗauko ƙwaryar ƙarshe. Gafiya ce kaɗai ta miƙe. Bushiya kuwa, da ta gama nata aikin, ta tafi gida ta ɗora tukunya.

Gafiya ta rungumi ƙwarya a ƙirji, tana tafe a hankali kamar amarya. Ta yi niyya da gaske ba za ta taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Sai hankalinta ya tafi wajen tabarmar nan, da yadda za ta zauna a kai, da yadda Zabuwa za ta durƙusa ta ce, "Barka da hutawa, Uwar Rumbu." Tana cikin wannan tunani, bakinta ya sauka cikin ƙwarya ya yi aikin da ya saba yi tun tana ƙarama. Ita ko kusa ba ta lura ba.

Ta iso, ta ajiye ƙwarya a gaban Baba Kunkuru, ta durƙusa.

Baba ya ce, "Madalla, 'yata. Yanzu faɗi abin da ake faɗa, da ƙarfi kowa ya ji: na karɓi amanar gari."

Gafiya ta ja numfashi. "Na kar..."

Tana zuwa kan "ɓi", sai kumatu suka fashe. Gyaɗa ta yi ta fita kamar ƙanƙara. Ɗaya ta bugi ƙoƙon bayan Baba Kunkuru, ƙwas! Wata ta faɗa bakin Kwaɗo da ya buɗe don mamaki. Dariya ta ɓarke, Zabuwa har da kwanciya a ƙasa.

Gafiya ta taɓa kumatunta, ta dubi gyaɗar da ke warwatse, idanunta suka ciko. "Wallahi Baba ban sani ba! Ban yi niyya ba!"

Baba Kunkuru bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Na yarda ba ki sani ba, 'yata. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Da kin sani, da sai in roƙe ki ki bari. Rumbun nan wata shida yake a liƙe, kuma ba kullum hankalin mai gadi yake wurin ba."

Ana cikin haka sai ga Bushiya da ɗan gudunta, tana haki. "Ku yi haƙuri, kada a liƙe tukuna! Na isa gida na ga ƙwayar wake biyu sun maƙale a ƙayoyina. Na Kwaɗo ne, ina jin." Ta juya baya, aka cire mata su, aka jefa a rumbu. Ta juya za ta koma wajen tukunyarta.

Baba ya ce, "Tsaya, Bushiya. Idona ya tafi, amma kunnena yana nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin wannan ɗan gudun naki yana dawo da abin da ba naki ba, ko bayan kowa ya watse. Zo ki zauna a tabarma."

"Ni, Baba? Ai ban nema ba. Kuma tuwona zai ƙone."

"Bar shi ya ƙone," in ji Zabuwa, "yau a gidan mai ɗaki bakwai za mu ci!"

Kuma haka aka yi, don Gafiya kunya ta hana ta ƙi. Da aka watse ta raka Bushiya har ƙofa, ta ce da ƙaramar murya, "Ƙanwata, kwana shida na yi ina ƙoƙari."

"Kumatun nan kuma shekara nawa suka yi suna nasu?"

Gafiya ta shafa kumatunta.

Bushiya ta ce, "Ga dabara. Duk lokacin da za ki wuce shanyar wani, ki riƙa waƙa da ƙarfi. Bakin da ke waƙa ba ya ɗaukar gyaɗa."

Muryar Gafiya ba ta da daɗi ko kaɗan. Damina biyu ƙauyen ya sha wahalarta, tsuntsaye suna tashi daga ɗorawa in ta tunkaro. A damina ta uku, wata safiya Zabuwa ta ga Gafiya ta wuce ta tsakiyar shanyar wake shiru, tana tunanin wani abu can daban, kumatunta a lafe kamar na kowa. Ita kanta Gafiya ba ta san ta yi ba, sai da aka faɗa mata.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne halin kirki ba a aronsa, ba a kuma haɗa shi cikin kwana shida don ana neman tabarma. Abin da kuke yi kullum, ƙarami ƙarami, shi ne zai fito ranar da hankalinku ya tafi wani wuri. Saboda haka ku saba wa hannunku da bakinku da abin kirki tun yanzu, ko da sai kun yi waƙa mara daɗi kafin su saba.