Mita Ukun Malam Ɗanlami

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin tafireta, ana ce masa Malam Ɗanlami. Aikinsa awo. Ba awon hatsi ba, jama'a. Kowane kayan lantarki yana fitar da wata hayaniya da kunne ba ya ji, amma tana dagula rediyo da na'urorin asibiti. Sai a ajiye abin a wani ɗaki mai bangon ƙarfe, a kafa eriya mita uku daga inda yake, a auna. In ya haura iyaka, ba zai shiga kasuwa ba.

Wata rana Injiniya Lantana ta kawo kwalabar ɗumama bakwaini da ta shekara biyu tana haɗawa. Aka auna sau biyar: uku sun ɗan haura iyaka, biyu ba su kai ba. Shugaban wurin, Dakta Gambo, mai digiri uku, wanda ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, ya ce rinjaye ya nuna ta faɗi. Kamar zaɓen kansila. Ya miƙa wa Ɗanlami takarda don ya sa hannu.

"Ranka ya daɗe, ban san ko ta faɗi ba."

"Ta ci ke nan?"

"Shi ma ban sani ba. Kuskuren awonmu ya fi ɗan abin da ta haura."

Ya roƙi kwana biyu. Dakta ya ba shi, ya ce dama marar digiri ba ya rasa lokaci.

Ku saurara. Ɗanlami ya canja wata waya da bakinta ke rawa, ya sake awo. Lambobi suka daina tsalle, amma duka biyar suka haura. Lantana ta fara naɗe wayoyinta.

Sai bawan Allahn nan ya durƙusa da tef, ya auna daga tebur zuwa jan layin da ake kafa eriya a kai. Mita biyu da rabi! Ashe da aka sa sabon tayil, birkila ne ya mayar da layin da taku uku, shi kuwa gajere ne. Shekara guda ba wanda ya duba, don manya ba sa durƙusawa.

Aka ja eriya baya. Biyar ɗin duka suka sauka ƙasa, da tazarar da kuskure ba zai cike ba. Lantana ta zauna a kan tayil ɗin nan tana ta alhamdulillahi. Dakta ya ce dama ya daɗe yana zargin layin. Ɗanlami kuwa ya nemi a kira duk waɗanda aka kayar a shekarar, a sake musu.

To jama'a, ku da kuke yanke wa maƙwabci hukunci da ji daga bakin mutum uku: wa ya zana muku layin? Cewa "ban sani ba" gaskiya ce, ba kunya ba. Ku faɗe ta, sannan ku durƙusa ku duba.