Juyin Karfasa Biyu

An yi wasu karfasa biyu a wani tafki, Jatau da matarsa Ladingo, masu sanyin hali. Suna da ƙwai a wani ɗan rami cikin yashi, kuma dole su riƙa kewaya shi suna kaɗa ruwa, in ba haka ba ƙwan ya lalace. Ga Zalɓe kullum a bakin gaɓa, inda duk ruwa ya motsa nan yake kai baki.

Sai suka yi wata dabara da har yau take burge ni. In ɗaya ya juya dama, ɗayan ya juya hagu. Juyin wannan ya kashe na wancan, ƙwai na shan iska a ƙasa, saman ruwa kuwa lum kamar ba kowa.

Maƙwabcinsu Tarwaɗa, sarkin son a sani, ya zo yana shafa gashin baki.

"Ku kam kun iya wahalar banza," in ji shi. "Wai a cikinku wane ne na dama?"

"Babu, Kawu," in ji Ladingo. "Ba mu raba ba. Mun dai yarda cewa duk inda ya nufa, ni akasinsa."

"Ƙarya ne, kallon juna kuke yi!"

Ya tayar da laka har ba mai ganin wani, ya ja Jatau can ƙarshen tafki, ya ce ya juya. Jatau ya yi hagu. Kaguwa da ke kusa da ramin ta shaida cewa a daidai lokacin Ladingo dama ta yi. Aka sake, Jatau ya yi sama, ita ta yi ƙasa. Tarwaɗa ya kasa kama su da kuskure ko sau ɗaya, haushi ya kama shi.

"To ku ga yadda manya ke juyi!"

Ya kira ƙaninsa suka juya gefe guda. Ƙarfin wannan ya hau kan na wancan, ruwa ya murɗa kamar ana dama fura. Kifaye suka taru suna kallo, Tarwaɗa sai ƙara gudu yake yi. Zalɓe ma ya gani. Sara ɗaya ya kai, ya tafi da rabin gashin bakin Tarwaɗa, shi kuwa da ƙyar ya sha, ya shige cikin laka.

Ba a jima ba ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya suka fito a ƙarƙashin ƙafar Zalɓe, shi bai ko sani ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ba duk shiru ne lalaci ba. Masana sun ce ƙananan ƙwayoyin zarra ma suna da juyi: biyu in sun bi gefe guda juyinsu ya haɗu, in kuwa sun ƙulla saɓani irin na su Ladingo, jimillarsu sifili, ko an raba su nesa. Wanda ya ga sifilin nan ya ce ba a aiki, ya je ya dubi bakin Tarwaɗa.