Dutsen Taimamar Kaka Fuseina

Akwai wata yarinya mai suna Zuera da aka haifa a Nima, cikin birnin Accra. Mahaifinta Alidu ɗan dako ne a kasuwar doya, ya baro ƙauyensu da ke can arewa bayan Yendi tun yana saurayi.

Zuera tana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Tana shekara goma sha biyar ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafan tsarki da salla. Sai dai ilimin ya ɗan hau mata kai. Ko matan gidan hayar da suke zaune ba su tsira daga gyaranta ba.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin ƙasa, saƙo ya zo daga ƙauye. Kakarta Fuseina ta ce a aiko mata jikarta ta ganta tun idonta yana gani. Alidu ya sa Zuera a lore da ƙunshin sabulu, gishiri da busasshen kifi.

Abin da ba a faɗa a saƙon ba shi ne, damina ta ƙi sauka a shekarar. Sau biyu aka yi shuka, sau biyu ta ƙone a ƙasa. Kawunta Amidu ya tafi ƙwadago gonakin koko a kudu, ya bar matarsa Barikisu da tsohon ciki, ko sunkuyawa da ƙyar take yi. Gidan sai mata biyu da akuya ɗaya da ake iya ƙirga haƙarƙarinta.

Kaka Fuseina ta tari jikarta da guɗa. Hausarta ta kasuwa ce, ta koye ta a Salaga lokacin da take cinikin goro. Ta juya yarinyar gaba da baya tana dariya.

"Wai ke ce aka ce kin fi liman karatu? To, sannu da zuwa, Malama."

Sunan da ta laƙaba mata ke nan.

A Nima, ruwa a pampo yake. Za a yi layi, za a yi faɗa a kan bokiti, amma dai zai zo. Zuera ta saba wanka safe da yamma, kuma farin mayafinta na makaranta ba ya kwana biyu ba a wanke ba. Da ta zo ƙauye ba ta canza komai ba. Kullum ta tashi, akwai ruwa a randa, kuma akwai babbar ƙwarya cike a bayan zana don wankanta. Ba ta taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Ga inda yake fitowa. Rijiyoyin ƙauyen sun ƙafe. Mata sukan yi tafiyar awa biyu zuwa busasshen rafi, su haƙa rami cikin yashi, su zauna suna jira ruwa ya tsattsafo, suna kwalfa da ƙoƙo. Tsohuwar takan fita da an idar da sallar asuba, ta dawo da tulu ɗaya kafin 'yar birni ta gama barcin safe. Ta kuma ja wa Barikisu kunne kada ta kuskura ta faɗa.

"Sau ɗaya za ta zo a rayuwata," in ji ta. "Ba za ta koma ta ce gidan kakarta babu ruwa ba."

Tulu ɗaya ba ya isar sha da girki da wankan baƙuwa da alwalar mutum uku. Sai Kaka Fuseina ta cire nata kason. Tana da wani sumul ɗin dutse a gindin rumbu, shi take dafawa ta yi taimama, ta shafi fuska da hannuwa, ta tayar da salla.

Zuera ta gani, abin ya tsaya mata a rai. Da ta ja kakarta ɗaki ta tambaye ta, da labarin nan bai zo gare ku ba. Amma mai sabon ilimi, 'yan kallo yake so.

Ranar wata Juma'a maƙwabta sun shigo suna tsinkar kuka a tsakar gida. La'asar ta yi, tsohuwa ta nufi dutsenta. Sai muryar Zuera ta tashi.

"Kaka, wannan babban kuskure ne paa. Taimama sai in babu ruwa. Ga ruwa a randa, ni da kaina na gani. Malaminmu ya ce mai yin haka ba shi da salla. Duk sallolin nan sai an rama."

Barikisu ta buɗe baki, tsohuwar ta harare ta, ta rufe.

Kaka Fuseina ba ta yi karatu ba. Abin da ta sani na addini, a kunne ta tsince shi. Kuma babu abin da take tsoro a duniya kamar ta je gaban Ubangiji a ce ba ta da salla. Ta ɗauke hannunta daga kan dutsen a hankali, ta yi murmushin da bai kai zuci ba.

"Malama ta yi magana. Miƙo mini buta."

"Yoo, haka ya kamata," in ji Zuera, tana jin daɗi ta gyara wa tsohuwa lahira.

Ni dai duk lokacin da na kai nan a labarin, raina ɓaci yake. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai wannan karon ba wuyan mai shi ya shaƙe ba.

Daga ranar tsohuwa ta koma alwala da ruwa, tana kuma rama sallolin da aka ce ta rasa. Ƙwaryar wankan jikarta kuwa ba ta rage mata ko ƙoƙo ɗaya ba. Tulu ɗaya ya daina isa, sai ta mayar da tafiyar sau biyu. Ta biyun da tsakar rana take yinta, ta ce wa Zuera za ta dubo gona. Gonar da babu komai a cikinta sai ƙura.

A rana ta tara, tsohuwar ta ajiye ƙwaryar wankan yamma a bayan zana kamar kullum, ta ɗauki tulu ta bi ta bayan gida. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato, ba ta dawo ba.

"Wai me Kaka take yi a gonar nan haka?" in ji Zuera.

Barikisu ta daɗe tana haɗiye magana, ranar ta kasa.

"Wace gona? Kin ga shuka ko ɗaya da ta tsiro tun da kika zo? Ruwan da kike sheƙawa a jikinki, kin san daga ina yake? Tsohuwar nan ta bar alwala don ki yi wanka. Kika tsaya gaban mutane kika ce ba ta da salla. Yanzu sau biyu take zuwa rafi, da ƙafar da ke kumbura."

Zuera ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta bi hanyar da Barikisu ta nuna mata. Tana tafe tana cewa yanzu za ta iso, hanya tana ƙara miƙewa. Ƙasa ta ƙone mata tafin ƙafa, maƙogwaronta ya bushe, ga shi ba ta ɗauke da komai a ka.

A bakin rafin ta hango mata sun yi da'ira. Kakarta tana kwance a yashi, an tallafe kanta, tulunta a gefe ko rabi bai kai ba. Zuera ta faɗi a gabanta tana kuka.

"Kaka, ki yafe mini. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. Har a wannan hali ba ta bar tsokana ba.

"Malama, ke ce da rashin sani?" Ta numfasa. "Ba ki yi ƙarya ba, jikata. Akwai ruwa a randa. Ba nawa ba ne dai."

Matan suka ɗauko ta a kan zani. Kafin su iso ƙauye, rai ya yi halinsa.

Liman Idrisu ya zo. Ya leƙa randa, ya ga abin da ya rage ko mai ciki ba zai isa ta sha ba. Ya ce tun da babu ruwan wanka, za a yi wa gawar taimama.

Zuera ta rarrafa gabansa ta gaya masa abin da ta yi, ba ta ɓoye komai ba. Sannan ta tambaye shi abin da ke cin ta, ko sallolin kakarta na baya sun karɓu.

"Karɓa ta Allah ce," in ji liman. "Amma 'yata, littafin da ya ce kada a yi taimama in akwai ruwa, shi ne ya ce in ruwan nan rai yana bukatarsa, a bar wa rai. Gidan da mai ciki take, ga dabba, ga rafi a nisan duniya, wa zai ce tsohuwa ta yi laifi? Da kin ƙara buɗe shafi ɗaya."

A nan ne Zuera ta tuna. Ta tashi ta zagaya bayan zana. Ƙwaryar tana nan inda aka ajiye mata, cike, an rufe ta da faifai don kada ƙura ta shiga.

Ta ɗauko ta da hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ɗigo ya zube, ta ajiye gaban matan da za su yi wanka. Da ruwan da Kaka Fuseina ta ɗebo wa jikarta aka wanke ta.

Zuera ta zauna a ƙauyen har Barikisu ta haihu. Ita ce mai zuwa rafi. Da za ta koma Nima, ba ta ɗauki komai na gado ba sai dutsen nan na gindin rumbu.

Ta girma, ta buɗe makarantar 'yan mata a unguwar Maamobi, kusa da Nima, aka riƙa kiranta Malama da gaske. Ɗalibanta sun ce ba ta taɓa son sunan ba. Duk shekara in karatu ya kai babin taimama, sai ta fito da dutsen ta ajiye a kan tabarma. Takan fara bayani, ta kasa ci gaba, a tashi karatu ranar ba a gama ba.

Darasi: Kafin ka gyara wa babba, tambayi dalilinsa, kuma ka tambaya a keɓe. Wani abin da kake gani kuskure ne, sadaukarwa ce ake yi dominka. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu sabon karatu da waɗanda kakanninsu ke raye.