Dalilin da Ya Sa Wardi Ya Yi Ƙaya

Dalilin da ya sa wardi yake da ƙaya, yara, wani mutum ne ya ja mana, Jatau sarkin gaggawa. Ku bar mutsu-mutsun nan ku ji labarin ɗan'uwanku.

A da can, reshen wardi sumul yake kamar kaina ranar aski. Shi kuwa Jatau, ɗuwawunsa bai san tabarma ba. In matarsa Tabawa ta ɗora tukunya, sai ya buɗe murfi sau goma kafin ruwa ya yi ɗumi.

To, Tabawa tana da wardi guda a bayan ɗaki, mahaifiyarta ce ta dasa kafin ta rasu. Sai gara ta cinye gindin, saura reshe ɗaya mai rai. Ta yanka shi gida uku, ta zage ganyen ƙasa, ta soka kowanne cikin kasko mai yashi, ta ajiye a inuwa. Rannan aka aiko ƙanwarta ta haihu, sai ta yi shirin tafiya.

Ta ce, "Maigida, ruwa kaɗai, safe da yamma. Saiwa ba ta son ido. In ukun nan suka mutu, abin Inna ya ƙare."

Ya ce, "Haba Tabawa, ni yaro ne?"

Ko kwana ba ta yi ba, ya tuge na farko ya ga ko ya yi saiwa. Babu. Ya mayar. Gobe ya tuge, jibi ya tuge, har ya bushe ƙayau. Na biyu kuwa, da ya tuge, garin sauri ya mayar da shi kai a ƙasa, gindi a sama. Ya ruɓe.

Saura ɗaya. Lokacin nan itatuwa suna magana, sai reshen ya ce, "Malam Jatau, don girman Allah, ka je ka nemi abin yi. Kwana arba'in nake so."

"Arba'in! Jego za ka yi?"

"Jego ne mana. Ni ma haihuwa zan yi a ƙasa."

Jatau ya rantse ba zai taɓa ba. Ya zauna a kan hannuwansa. Ya tashi. Ya tafi kasuwa, bai sayi komai ba ya dawo. Ya zagaya kaskon sau bakwai. Da hantsi ya yi, ya durƙusa ya ce, "Ɗan leƙe kawai."

Reshe ya ga hannu tafe, ya tuna 'yan'uwansa biyu. Ya tattara ƙarfinsa kaf, ya yi wani nishi, sai ga tsinke-tsinke sun ɓullo a jikinsa, bakinsu duk na kallon ƙasa. Jatau ya damƙa ya ja sama. Caraf!

"Wayyo Allah, yatsuna!"

Reshe ya ce, "Ƙara ja."

Bai ƙara ba. Da Tabawa ta dawo, ta tarar da jan toho a kasko, maigida kuma hannu naɗe da tsumma. Ta dubi kaskon nan biyu da ba komai, ta dube shi, ta ce, "Ashe Inna ta bar mai gadi."

Shi ya sa har yau wardi yake da ƙaya, bakinta na kallon ƙasa, tana jiran hannun da zai ja sama. Wanda bai yarda ba, ga kaskona can, ya je ya leƙa mini saiwa.