Amalanken Kura da Irin Shuka

Gatanan gatananku!

Ta zo, muna saurare.

Kura ke ƙera amalanke, amma ba mai saye, don ƙafafunsu ba ƙarko. Ta faɗi gaban Zaki: "Ranka ya daɗe, in na rufe maƙera, yunwa za ta kashe ma'aikatana. A buɗe mini rumbun gari."

Kurciya ta ce, "Irin shuka fa kaɗai ya rage ciki."

Zaki ya ce, "Rufe mana baki! A ba ta."

Kura ta sayar da irin, ta ci nama, ko ƙusa ba ta gyara ba.

Damina ta sauka, ba abin shukawa. Yunwa ta fara da ma'aikatan nan. Sai ga amalanke sun sami kaya: gawawwaki. Kafin a isa makabarta ƙafar amalanke ta fita, gawawwaki suka zube, Kura na biye tana lasar baki.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.