Kurege da Irin Gyaɗar Gandun Barmo

Ku matso, ku bar tonon wutar nan haka. Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wata shekara rani ya yi tsawo, Kurege ya rame, ba abin da ya rage a jikinsa sai wutsiya da idanu. Duk inda ya taɓa binne abinci ya tone ya cinye. Ga bazara ta shigo, ga damina tafe, kun kuwa san farkon damina shi ne lokacin da yunwa take shiga gida ba sallama. Kurege ya zauna a bakin raminsa ya ce, "Bana ko ana ha-maza ha-mata sai na ci gyaɗa na ƙoshi."

Sai ya nufi gandun Sarkin Noma Barmo. Gandu ne na gaske: ga gonar gero, ga ta dawa, ga lambu a fadama, ga garken awaki, ga zabbi, ga amya a kan itacen kanya. Dokar gandun kuwa biyu ce. Wanda ya yi aikin bazara, tuwonsa yana nan har kaka. Wanda ya taɓa irin shuka, shi da Kare ne. Karen nan kuwa kullum yana kwance a gindin rumbu, ido ɗaya a buɗe.

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarkin Noma. Aiki nake nema."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da wannan ɗan jikin? Ka taɓa noma?"

"Ranka ya daɗe, a gona aka haife ni."

Ba ƙarya ya yi ba, a gonar wani aka haife shi. Noma dai ne bai taɓa yi ba.

Aka ce a yi sassabe, Kurege ya yi sassabe. Aka ce a tara tushiyar kara a ƙona, ya tara, har wuta ta lashe masa gefen wutsiya. Aka ce a yaɓe rumbu, ya yaɓe. Aka ce a ɗora sabuwar amya, ya hau, ƙudan zuma suka yi masa maraba a hanci. Bai gudu ba. A cikin rumbun nan akwai tukunyar irin gyaɗa an liƙe bakinta da laka, ƙanshinta kuwa yana hana shi sakat. Duk sa'ad da ya ji kamar ya faɗi, sai ya shaƙi iskar rumbu ya miƙe.

Abokin aikinsa Jaki ne, mai kai taki gona a mangala. An ɗaura wa Jaki takunkumi don kada ya yi ɓarna a lambu, Kurege kuwa ya sami abin tsokana.

"Jaki, wannan hular baki fa ta yi maka kyau. A ina ake saƙa ta?"

Jaki ya ce, "Uhm." Jaki ba ya son dogon zance.

Ana nan sai shamuwa ta sauka a kan kuka, gabas ta yi baƙi, ruwan farko ya zuba. Aka shuka gero, aka shuka dawa. Sai Barmo ya fasa bakin tukunya, ya juye irin gyaɗa a ƙwarya, ya ɗauki sungumi, ya ce, "Ni zan yi gaba ina sara. Wa zai biyo ni yana jefa iri yana rufewa?"

Kurege ya riga kowa tashi. "Ni, ranka ya daɗe. Na fi kowa kusa da ƙasa."

Barmo ya yi gaba yana sara, ba ya waiwaye. Kurege yana biye. Ya ɗauki ƙwaya, ya jefa a kunci, ya rufe rami da ƙafa. Ya ɗauki ƙwaya, ya jefa a kunci, ya rufe rami da ƙafa. Kunci ya cika, sai ya ce zai zaga, ya sheƙa bayan garke ya tona ya binne. Ya dawo, kunci ya cika, ya sheƙa gindin kanya ya binne. Bakin rijiya, bayan rumbu, gefen turken Jaki, ba inda bai ajiye ba. Manya-manyan kuwa ya kai cikin raminsa. Ko ƙwaya bai tauna ba, don Barmo yana da kunne, ƙarar gyaɗa kuwa ba ta ɓuya.

Da aka tashi, Barmo ya ce, "Sannu, Kurege. Me ya sami bakinka?"

"Ƙudan zuman nan ne, ranka ya daɗe. Har yanzu kumburin bai saɓe ba."

Kurege ya kwanta yana murna. Ya ce bari ƙura ta lafa tukuna, sannan ya bi ajiyarsa ɗaya bayan ɗaya. To, ga inda wayo ya ƙare masa. Duk ɓoyon da ya saba yi, da rani yake yi, a busasshiyar ƙasa. Bawan Allah bai san abin da yake kira ɓoyo, da damina sunansa shuka ba.

Ruwa ya sake zuba, ya kuma zuba. Gero ya fito, dawa ta fito, gonar gyaɗa kuwa fayau kamar tafin hannu. Amma bayan garke gyaɗa ta tsiro cunkus. Gindin kanya cunkus. Bakin rijiya cunkus. Bayan rumbu, daidai inda Kare yake ɗora kai, cunkus.

Barmo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kare, tashi. Kurege, zo."

Kurege ya matso. Ya dubi haƙoran Kare, ya dubi wutsiyarsa, ya ga sun yi kusa da juna. Amma ya ce a ransa, "Ban yi sassabe na sha harbin zuma don in ƙare a cikin Kare ba." Sai ya gyara tsayuwa.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, ta fito. Da ma jira nake ka gani da idonka."

"In ga me?"

"Dashe mana. Yadda kuke yi wa albasa a lambu, haka muke yi wa gyaɗa a garinmu. A rene ta inda taki yake, in ta yi ƙarfi a mayar da ita gona. Dubi ganyen nan, ka taɓa ganin irinsa?"

Barmo ya duba, ganyen kuwa ya yi kore shar. Ya shafa gemu. Tsohon nan ba a yi masa wayo, amma irin gyaɗarsa ya fi masa wutsiyar Kurege amfani.

"Madalla. Tunda kai ka san dashen, kai kaɗai za ka yi shi. Kare zai raka ka. Ramin da ya ga babu tsiro, ya cike shi da kai." Sannan ya yanko kaba, ya saƙa ɗan takunkumi, ya ɗaura wa Kurege, ya ƙulle a ƙeya. "Wannan saboda ƙudan zuma ne."

Kurege ya shiga aiki. Ya tono, ya sheƙa gona, ya dasa, ya danne. Ya tono, ya sheƙa gona, ya dasa, ya danne. Rana ta dake shi, farata suka dushe, Kare yana biye yana shinshina kowane rami. In ƙafafu suka ce sun gaji, sai ya ce musu, "Ku yi haƙuri, ta cikin raminmu ba wanda ya san da ita." Da wannan ya gama gonar kakaf, ko rami ɗaya bai bari ba.

Barmo ya zaga, ya ce, "Ka fita. Tuwonka yana nan har kaka. Takunkumin kuwa sai an gama shukar wake."

Kurege bai tsaya godiya ba, ya ja jiki ya nufi gida. Tun daga nesa ya hango wani kore a kan raminsa. Ashe ruwa ya yoyo ciki, gyaɗar ta tsiro, ta ɗaga rufin ɗakin ta fito waje. Ga Jaki tsaye a kai, an kwance masa nasa takunkumin, yana tumɓuko ta har saiwa yana taunawa a hankali.

Kurege ya yi tsalle, ya buga ƙafa, ya buɗe baki zai yi zagi, baki ya ƙi buɗuwa.

Jaki ya haɗiye ta ƙarshe, ya dube shi, ya ce, "Kurege, wannan hular baki fa ta yi maka kyau."

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Shi ya sa har yau in kurege ya tono iri a gona, nan take yake cinyewa, yana tsaye yana waige-waige. Ku kuma, duk wanda zai ɓoye abin da ba nasa ba, ya fara duba gabas tukuna. Wanda kuwa ya kwashe mini gyaɗa a faifai ina cikin magana, ina ganin kuncinsa.